Fataucin Bagzan: Lokacin Riba Shi Ne Lokacin Wuta

Kwanan baya, bayan na sauka daga shirin kasuwanni na safe, wata baiwar Allah daga wajenmu Yauri ta kira ni a waya. Ta ce ita da abokan adashinta, su huɗu, sun gaji da sayen albasa hannu na uku a Damagaram. Sun haɗa kuɗi suna so su tura ƙanen ɗayarsu ya je har gindin dutsen Bagzan, in ta kama ma ya hau, ya sayo daga hannun masu lambu. Tambayarta guda ɗaya ce: "Malam, yaushe ya kamata yaron nan ya tashi?" Ba ta tambaye ni kuɗin buhu ba, ba ta tambaye ni kuɗin mota ba, don waɗannan ta fi ni saninsu. Na ce mata, Hajiya ki ba ni kwana biyu. Da na zauna na duba, sai na ga amsar ta fi ƙarfin minti biyar na rediyo, shi ya sa na kawo ta wannan fili, tunda na san ba su kaɗai ne ke wannan lissafi ba.

Ga wanda bai sani ba, Bagzan tsauni ne a ƙasar Abzin, arewa maso gabas da Agadas. A kansa ne wuri mafi tsawo a duk faɗin Nijar yake, wanda Abzinawa ke kira Idukal-n-Tages, mai mita 2,022 daga doron teku. An daɗe ana karantar da yara a lakwal cewa dutsen Girebun mai mita 1,944 shi ne ya fi tsawo, sai daga baya awo ya nuna ba haka abin yake ba. Kuma Bagzan ba tsini ba ne irin wanda ake zanawa a littafi. Wani makeken faranti ne na dutse, in ka sha wahala ka kai samansa sai ka tarar da garuruwa da rijiyoyi da lambuna, da mutanen Kel Ewey da suka gaji wurin kaka da kakanni. Shekaru aru-aru da ƙafa da jaki ake hawansa, kuma har yau jaki bai rasa aikin yi ba a wurin. A gindinsa akwai Tabelot da Abardak, can arewa da shi kuma akwai Timiya mai lemu da rumman. Daga waɗannan kwaruruka ne albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa da tumatir ke gangarowa Agadas, daga nan su biyo hanyar Tanut su iso mana.

Abin da ya ja hankalin waɗannan mata ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ke zaune a kasuwa. Albasar Galmi da ta Madawa ana cire ta ne da bazara, tsakanin Maris da Mayu, lokacin nan sai ta yi araha har ana roƙon mutum ya saya. Wadda aka adana a rudu tana raguwa cikin damina, wata ta ruɓe, wata ta tsira, wata kuma a loda ta zuwa Gana da Kwaddebuwa. Kafin Oktoba kasuwa ta fara neman albasa ido rufe. To a daidai wannan gaɓa ce ta Abzin ke fitowa, domin sanyin dutse ya ba su damar nomanta a lokacin da na kudu ba sa iyawa. Daga Oktoba zuwa Disamba ita ce sarauniyar kasuwa. Wanda ya riga kowa isa lambu, shi ne ya kwashi ribar.

Matsalar ita ce wannan lokaci na riba yana zaune ne tsakanin abokan gaba biyu. Kafinsa akwai ruwa, cikinsa kuma akwai wuta. Kuma dukansu biyu ƴaƴan uwa ɗaya ne, wato damina mai kyau.

Mu fara da ruwa, tunda shi ke fara zuwa. Mu mutanen kudu, in an ce ambaliya, abin da muke hangowa shi ne ruwan da ya sauka a kan rufinmu. A Abzin ba haka ba ne. Ruwa kan sauka a kan dutse nesa da kai, ba ka ga hadari ba, ba ka ji ɗigo ɗaya ba, rana na dukanka. Dutse kuwa ba ya shan ruwa kamar jigawar Yauri. Abin da ya sauka duka sai ya taru ya gangaro cikin ƙorama, busasshen yashin da ka ratsa da safe da takalminka ya koma kogi mai tafiya da itatuwa da duwatsu. Hanyar da ke fita daga Agadas zuwa Tabelot kuwa ƙoramu take ratsawa ɗaya bayan ɗaya. Direban da ya ce bari ya gwada, ruwan bai kai gwiwa ba, bai san cewa yashin da ke ƙarƙashin taya yana zaizayewa ba, bai kuma san abin da ke tafe a baya ba.

Wannan ba sabon abu ba ne. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya ratsa Abzin a 1850, kuma ya ba da labarin yadda wani kwari da suka sauka a ciki ya koma kogi cikin kwana guda, yana jan dabbobi da itatuwa. Mu kuma da idonmu mun ga abin da ya faru a farkon Satumba na 2009, lokacin da ƙoramar Telwa ta cika daga ruwan da ya sauka a duwatsu, ta fasa shingen da aka yi mata, ta auka wa Agadas cikin dare, ta rushe dubban gidaje, ambaliya kuma ta share lambuna a yankunan Dabaga da Tabelot. Sai kuma 2024, shekarar da babu wanda zai manta da ita nan kusa: kusan mutum 400 suka rasu a faɗin ƙasa, fiye da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, tsohon masallacin Birni a Damagaram ya faɗi ranar 3 ga Satumba, har buɗe makarantu sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba. Ku lura da kwanakin: Satumba, Satumba. Mai gaggawar da ya ce zai tashi tun ƙarshen damina don ya riga ƴan uwansa, cikin wannan wata yake jefa kansa da kuɗin mutane.

To, ruwa ya ɗauke, ƙoramu sun bushe, mutum ya ce Alhamdu lillahi. Nan ne abokin gaba na biyu ke jira, kuma shi ne wanda ƴan kasuwarmu suka fi rainawa, domin a wajenmu gobarar daji ba ta cika yin nisa ba. In wuta ta tashi a gonar wani a Yauri ko Dan Barto, nan da nan za ta ci karo da gonar da aka riga aka share, ko burtali, ko hanyar mota, ko gari, mutane su fito da reshen itace su kashe. Amma da zarar ka wuce Tanut ka shiga wata ƙasa dabam. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, abin da ke bayanta filin kiwo ne. Daga nan har Aderbisanat, kai har kusa da Agadas, in damina ta yi kyau, ciyawa ce shimfiɗe kamar tabarma, karangiya da ƴan uwanta, tafiyar kilomita da kilomita babu abin da ya raba wannan da waccan. Cikin Satumba kore ce shar, mai daɗin kallo. Makonni kaɗan bayan ruwan ƙarshe ta bushe ƙayau. Shekarar da makiyayi ya fi murna, ita ce shekarar da wuta ta fi samun abinci.

Sai iskar hunturu ta zo ta cika aikin. Daga arewa maso gabas take busowa, busasshiya, tana tsananta daga hantsi zuwa la'asar, ta lafa da dare. Wutar ciyawa in ta samu irin wannan iska, mutum ba ya tsere mata da gudu. Ga kuma wani abu da ya kamata duk mai bin wannan hanya ya riƙe: titin Damagaram zuwa Agadas, mai kusan kilomita 450, kudu da arewa ya miƙe, iska kuwa daga gabas take zuwa. Ke nan wutar ba ta bin titi, tsallake shi take yi. Mai tafiya arewa, hannunsa na dama zai riƙa dubawa. Mai dawowa da kaya, na hagu. In ka hango hayaƙi ta wannan gefe, ko da nesa ne, wajenka ya nufo. Kada faɗin kwalta ya ruɗe ka, tartsatsi na tsallake shi cikin ƙiftawar ido, kuma tun kafin harshen wuta ya iso, hayaƙi ya riga ya rufe wa direba gani.

Ku tuna irin lodin da motocinmu ke ɗauka. Buhunan algarara, tabarmi, karan rake da ake kaiwa arewa daga fadamun Matamaye, jarkokin mai a ɗaure a gefe, sannan mutane a zaune a bisa kaya. Motar da ta kutsa cikin hayaƙi da irin wannan kaya, sai dai a ce Allah ya kiyaye. Abin yi shi ne a tsaya tun daga nesa, a koma baya zuwa fako ko wani gari, a jira ta wuce. Babban kuskure shi ne sauka daga titi a shiga cikin ciyawa don a zagaye ta, domin salansar mota mai zafi kaɗai ta isa ta kunna wata sabuwa a ƙarƙashinku. Wanda kuma ta rutsa da shi a ƙasa, kada ya ruga gaban wuta yana bin iska, kada ya hau tudu, don wuta ta fi sauri in tana hawa. Ya yanke ta gefe, ya nemi fili marar ciyawa ko inda ta riga ta cinye.

Akwai maganar da ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma sai na faɗe ta. Wannan wuta ba daga sama take faɗowa ba. A lokacin hunturu babu tsawa babu walƙiya. Hannun mutum ne: garwashin shayi da aka zubar daga mangal aka tashi, guntun taba da aka jefo ta tagar mota, murhun da matafiya suka dafa shinkafa a bakin hanya ba su binne ba, yaran da ke farautar gafiya. Mun saba ɗora wa makiyaya laifi, alhali makiyayi shi ne na ƙarshe da zai so ciyawa ta ƙone, tunda ita ce rumbunsa. Mu masu wucewa, da ba mu da saniya ko ɗaya a wurin, mu ne muka fi sakaci. Dokar gandun daji ta 2004 ta tanadi hukunci a kan mai tada gobarar daji, amma wane ma'aikacin gandun daji ne zai kama mutumin da ya riga ya yi kilomita ɗari kafin hayaƙi ya tashi?

Wata za ta ce, ni da nake zaune a rumfata a Kasuwar Dole ko a Matamaye, ban taɓa zuwa ko Tanut ba, ina ruwana da ciyawar Aderbisanat? Hajiya, da ruwanki. In makiyaya ta ƙone a Tanut ko Belbeji ko Taskar, garken ba ya zama ya mutu a wurin, kudu yake gangarowa, kuma yakan iso tun kafin ranar da hukuma ta sa ta sakin gonaki. Daga nan rigimar manomi da makiyayi ke tashi, wake na gona, shanu na bakin gona. Sannan makiyayin da ya rasa abin ba dabbarsa sai ya sayar. Kasuwannin dabbobi su cika, farashi ya faɗi, mahauta su yi murna na ƴan makonni. Bayan nan sai lissafi ya juya: harawa da kara da dusa su yi tsada saboda masu nema sun yi yawa, matar da ta ɗaure rago tana turka don Layya ta ga abin da take kashewa ya kusa cinye ribarta, nono da man shanu da cuku su yi wuya. Wanda ya ga 2010, lokacin da rashin ciyawa ya sa aka riƙa sayar da shanu a kuɗin da ba ya sayen buhun hatsi, ya san abin da nake faɗa. Waccan shekara fari ne ya jawo, amma ga dabba duk ɗaya ne, ko ciyawar ba ta fito ba ko ta fito ta ƙone.

Maganin da aka sani shi ne layukan tare wuta. Ana share ciyawa a miƙe, faɗin mita 15 zuwa 20, a gicciye da hanyar iska, yadda in wuta ta iso za ta rasa abin ci. Gwamnati da ƙungiyoyi kan biya mutanen karkara su yi aikin, su kuma kwashe ciyawar da aka share su adana ko su sayar, riba biyu ke nan. Tsari ne mai kyau, ba ni da ja. Sai dai aiki ne na lokaci. Layin da aka share a Oktoba shi ne layi. In kuɗin aikin bai sauko ba sai Disamba ko Janairu, to an yi shuka bayan damina. A ganina wannan na cikin abubuwan da ƴan kasuwar dabbobi da ƙungiyoyin direbobi ya kamata su riƙa tambayar hukumomin gari tun watan Agusta, ba su bar wa makiyaya kaɗai ba. Kuma kada wani ya dogara da ƴan kwana-kwana: lamba 18 tana da amfani a cikin gari, amma a tsakiyar daji, inda wayar ma wani lokaci ba ta kamawa, kafin mota ta iso an gama.

A bisa dutsen kansa, wuta ba ita ce babbar damuwa ba, don ciyawar ba ta haɗe kamar ta fili, sai dai a cikin kwari inda itatuwa da shingen lambu suke. Can abin tsoro sanyi ne. Ƙa'ida ce sananniya cewa duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kamar digiri 6. Agadas tana wajen mita 500, garuruwan saman Bagzan kuwa sun haura mita 1,500. Daren da mutumin Agadas ke neman bargo, na Bagzan yana iya wayar gari ya tarar ruwa ya daskare a kwano, musamman ƙarshen Disamba da Janairu. Yaron da ya tashi daga Yauri da riga ɗaya da silifas, ya hau yana gumi, yamma ta yi masa a sama, to ciwon haƙarƙari yake nema. Ga hazo, wanda in ya sauka ba ka ganin dutsen da ke gabanka balle hanyar jaki. Shi ya sa mutanen wurin ke hawa da sassafe, kuma baƙo ba ya hawa shi kaɗai.

Ba mu kaɗai ne ke fama da wannan ba. A Tanzaniya, dutsen Kilimanjaro mai mita 5,895, wanda baƙi daga ko'ina ke biyan kuɗi su hau, ya kama da wuta a Oktoba na 2020, ta yi kwanaki tana ci, kuma hukumar da ke kula da wurin ta ce alamu sun nuna daga wajen ɗumama abincin matafiya ta tashi. Maƙwabciyarmu Aljeriya, a Agusta na 2021, gobara a duwatsun Kabiliya ta kashe mutane wajen 90, cikinsu har da sojojin da suka je ceto. A ƙasashen Turai da Amurka, mai son hawan dutse, ko da don shan iska ne kawai, ba ya fita sai ya duba hasashen yanayi da taswirar inda wuta ke ci, hukuma kuma takan rufe hanya in haɗari ya yi yawa. Su don nishaɗi suke wannan taka-tsantsan. Mu da jarin marayu da kuɗin adashi ke cikin aljihunmu, sai mu tashi da "Allah ya kai mu lafiya" kaɗai. Addu'a wajibi ce, amma an ce ka ɗaure raƙuminka tukuna.

Abin haushi shi ne labarin yana nan, ba babu ba. A Yamai akwai hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, akwai cibiyar Agrhymet da aka kafa tun 1974 bayan babban fari, akwai kuma ACMAD mai yi wa Afirka duka aiki. Kowace shekara wajen ƙarshen Afrilu masana na zama su faɗi yadda suke ganin damina za ta kasance, kuma a 2024 sun faɗa tun da wuri cewa ruwa zai wuce yadda aka saba a yankin Sahel. Taurarin ɗan Adam na hango wutar daji daga sama cikin ƴan sa'o'i da tashinta. To ina wannan labari ke tsayawa? A takarda, da Faransanci, a ofis da intanet. Ba ya isowa tasha, inda mai lodi da kamasho da direba ke yanke shawarar tashi. A nan mu ƴan rediyo ma ba mu fita ba. Sau nawa muke karanta hasashen yanayi cikin daƙiƙa talatin a ƙarshen labarai, da kalmomin da mu kanmu ba mu gane ba, sannan mu ba gaishe-gaishe awa guda? "Za a samu iska mai ƙura a arewacin ƙasa" ba labari ba ne ga direba. Labari shi ne a ce masa wuta na ci gabas da titi tsakanin Tanut da Aderbisanat tun jiya, ko ƙorama kaza ta kawo, kada a tashi sai gobe. Gidajen rediyon karkara na Tanut da Agadas da namu na kudu za su iya musayar wannan ta waya kowace safiya, ba tare da an jira wani tallafi daga waje ba. Shugabannin tasha kuma allo ɗaya da alli ya ishe su.

Kakanninmu da suka yi wannan fatauci kafin mota sun fi mu tsari. Ayarin gishiri na mutanen Timiya da Bagzan ba ya tashi zuwa Fashi da Bilma sai ruwa ya ɗauke, wajen Oktoba, bayan raƙuma sun ƙoshi kuma an yanki ciyawar guzuri an ɗaure. In sun dawo sun huta, sannan su gangaro Damargu da Damagaram har Kano cikin sanyi, da kantu da dabino, su koma da hatsi kafin damina. Barth ɗin nan ma cikin irin wannan ayari ya biyo zuwa kudu a Disamba na 1850. Kowane mataki da watansa. Kuma ranar tashi madugu ke faɗinta, ba mai kaya ba. Yau abin ya juya: mai kaya na zaune a rumfa da waya a hannu, yana kiran direba sau goma a wuni, ina kake, me ka tsaya yi, wane ya riga ya iso. Direba da yawa da suka shiga ruwa ko hayaƙi, ba jahilci ne ya tura su ba, wannan kira ne. In kin ba mutum amanar kaya, ki ba shi da ikon tsayawa.

Ba zan rufe ido a kan maganar tsaro ba, ko da yake ba ita ce ta kawo mu ba. Tun tawayen 2007 zuwa 2009 baƙi masu zuwa kallon duwatsun Abzin suka ragu ƙwarai, kuma a 2025 an sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas. Tun da aka fara haƙar zinari a Jado da Cibarakaten a 2014, hanyoyin arewa suka cika da masu kuɗi a jiki, da masu neman su. Tafiyar dare ba ta da kyau, ɗaukar kuɗi a lalita ma haka, tunda ga kamfanonin aika kuɗi a kowane babban gari. Wannan ya ƙara matse lokacin tafiya: dare na ɓarayi, tsakar rana ta iska da wuta. Abin da ya rage shi ne asuba zuwa hantsi.

Ga amsar da na ba Hajiya da ta sake kira. Na ce yaron kada ya tashi kafin tsakiyar Oktoba, kuma ko a lokacin sai an kira wani a Tabelot ya tabbatar an yi kwanaki ba a ga hadari a kan dutse ba. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Disamba shi ne mafi dacewa, kaya sun fito, sanyi bai kai maƙura ba. Ya kwana a Tanut, ya tambayi direbobin da suka sauko daga Agadas a daren abin da suka gani a hanya, ba waɗanda za su tafi ba, sannan su tashi da asuba don su ci rabin filin ciyawa kafin iska ta tashi. Ya tafi da bargo da rigar sanyi da takalmi rufaffe. In zai hau dutse, ya bi ɗan gari, ya hau da safe, kada ya kwana a cikin ƙorama ko da yashinta ya fi laushi. Na ce tunda karon farko ne, ya tsaya a albasa da tafarnuwa, waɗanda in an tsare su daga jiƙa suna jure jiran kwana biyu a hanya. Tumatir ba ya yafe wannan. Na ƙarshe, na ce su sa kuɗin kwana biyu na jira a cikin lissafi, abincin yaro da na direba, kuma su faɗa wa direban tun a tasha cewa in ya tsaya saboda ruwa ko hayaƙi ba za a rage masa ko dala ba.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Malam, kuɗin kwana biyun nan wa zai biya?" Na ce ku raba shi huɗu, ku ɗora a kan kuɗin buhu tun yaro bai tashi ba, in ya dawo bai tsaya ko'ina ba, ya zama ƙarin riba. Ta ce ɗaya daga cikinsu ba za ta yarda da sauƙi ba, amma za su zauna ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci.